Babi na Biyar: Jaba Ɓera Ce?

Jaba ɓera ce? Yara na yin wannan tambaya, manya ma na yi, galibi bayan an riga an ɗaga muciya an gama da ita. Akwai wata tambayar da ake yi da magariba, lokacin da baƙaƙen abubuwa suka fara shawagi a saman tsakar gida: shi jemage tsuntsu ne ko dabba?

Ta biyun ba ta da wuya. Jemage ba ya yin ƙwai. Haihuwa ake yi a zuriyarsu, uwa ta shayar da ɗanta nono, jikinsu kuma gashi ne irin na dabba. Fiffiken nasa ma hannu ne mai dogayen yatsu da fata ta shimfiɗu a tsakaninsu. Ta farkon kuwa amsarta a'a ce. A lissafin masu nazarin dangantakar dabbobi, bushiya ce 'yar'uwar jaba ta kusa, kuma jaba ta fi kusa da jemage da kyanwa a kan ɓera. Shi ɓera, zomo da biri ne makusantansa. Kama da wane ba ta wane.

Wannan magana ta fi shafar mutanen arewacin Kano. Daga Ungogo zuwa Minjibir, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Dambatta, gona ce ke manne da gona, gida na hango gida. Tun a 1965 masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya sannan a Jami'ar Bayero, ya bayyana yankin da ke kewaye da birnin Kano a matsayin ƙasar da mutane suka cika ta, ake nome ta kowace shekara ba a barin saura. Manyan namun daji sun daɗe da barin irin wannan wuri. Waɗanda suka rage su ne ƙanana, masu fakewa a shingen aguwa, da gindin gamba, da gefen burtali, da ƙarƙashin rumbu, da kogon kuka. Manomi na cin karo da su kullum, amma kusan dukkansu suna ɗaya yake ba su: ɓera. A cikinsu kuwa akwai mai cin hatsinsa, akwai mai cin ƙwarin da ke cin hatsinsa, akwai kuma mai iya kawo masa cuta har ɗaki.

Fara da haƙori

Launi shi ne abin da ido ke fara kamawa, shi ne kuma ya fi yaudara. Dabbar da ke zaune a jigawa takan yi haske kamar yashin wurin, 'yar'uwarta ta fadama ta yi duhu. Girma ma ba abin dogaro ba ne, domin ɗan gafiya da babban ɓera sukan zo daidai. Abin da ba ya canzawa shi ne haƙori, don shi ne kayan aikin da dabba ke cin abinci da shi.

Idan tarko ya kama wani abu ya mutu, ɗauki tsinke ko kara ka ɗaga leɓensa. Kada ka sa hannu. Dalilin na nan tafe. In ka ga manyan haƙora huɗu a gaba, biyu sama biyu ƙasa, masu faɗin baki kamar kurfi, fuskarsu rawaya ko ruwan goro, sannan a bayansu akwai giɓi babu fiƙa, to ka sami ɗan gidan masu gwaguya. Haƙoran nan ba sa daina tsiro har dabbar ta mutu, shi ya sa dole ta yi ta gwaguyar ƙyaure da buhu da wayar lantarki ko ba ta jin yunwa. Ɓera, gafiya, kurege, gyazbi da beguwa duk 'yan wannan gida ne. Zomo ya so ya shiga cikinsu, sai dai yana da wasu ƙananan haƙora biyu ɓoye a bayan manyan na sama, shi ya sa aka ware masa nasa gidan.

In kuwa ka ga baki cike da ƙananan haƙora farare masu tsini, a jere babu giɓi, to mafarauci ne, ƙwari yake ci. Irin wannan baki ba zai iya fasa buhu ko huda rumbu ba.

Dabbar da ke raye ba za ta tsaya ka buɗe mata baki ba. Ita sai ka saba wa idonka duba abu huɗu cikin hanzari: siffar baki, girman ido, tsawon ƙafar baya, da wutsiya, wato ko ta fi jiki tsawo ko ba ta kai ba, da gashi ko babu. Ka kuma riƙe lokacin da ka gan ta da wurin. Abin da ya gitta da hantsi a gefen lambu da abin da ya bi azara da tsakar dare da wuya su zama iri ɗaya.

Jaba

Baki ne ke fara tona mata asiri: dogo, siriri, ya zarce haɓa sosai, kuma ba ya zama wuri ɗaya, kullum yana motsi yana shinshina. Idanunta ƙanana ne ƙwarai, sai ka lura za ka gan su, alhali na ɓera a waje suke suna ƙyalli. Gashinta gajere ne mai laushi, daga ruwan ƙasa mai duhu zuwa kusan baƙi. Wutsiyar na da kauri a gindi tana sirancewa zuwa ƙarshe, da waɗansu dogayen gashi jefi-jefi a jikinta. A ƙafar gaba tana da yatsu biyar cikakku, ɓera kuwa huɗu ne da ɗan dungu.

Tafiyarta ma daban ce. Ƙafafunta gajeru ne, tana bin gindin bango ciki na kusan shafar ƙasa, tana tafe tana 'yar ƙara mai kaifi kamar ana goga ƙarfe. Ɓera ɓarawo ne, shiru yake aikinsa. Ita kuwa ba ta damu a ji ta ba, saboda tana da abin kare kai: wasu ƙulluttai a gefen haƙarƙarinta da ke fitar da warin nan da kowa ya sani. Kyanwa takan kashe ta, ta shinshina, ta bar ta a nan. Wannan na cikin dalilan da ke sa a riƙa tsintar gawar jaba a kan hanya babu wanda ya ci, har camfi ya bazu a sassa da dama na Afirka ta Yamma cewa jaba ba ta ƙetare hanya ta rayu. Ɗaya dalilin shi ne jikinta na ƙone abinci da sauri. In ta faɗa bokiti ko rami ta kwana ba ci, sau da yawa gawarta ake tararwa da safe.

Wadda ke shiga gidajenmu ita ce babbar jabar Afirka, Crocidura olivieri. Tsawon jikinta ban da wutsiya ya kai santimita 11 zuwa 14. A gonaki akwai ƙananan danginta da ba su wuce giram kaɗan ba, kuma zuriyar Crocidura ta fi kowace zuriyar dabbobi masu shayarwa yawan iri, kusan 200. Wani abin kallo shi ne ƙaurar uwa da 'ya'yanta: na farko ya kama gindin wutsiyar uwa da baki, na biyu ya kama na farko, haka har na ƙarshe, su tafi a jere. A duhu mutum sai ya rantse maciji ne.

Abincinta kyankyaso, gyare, fara, gara, tana da makamantansu. Ba zan wanke ta tas ba: takan taɓa ragowar kifi ko nama, kuma garin da ta bi ta kansa ya tashi daga aiki. Amma a ganina wanda ya kashe jaba ya bar ɓeran da ke saman azara ya kori mai gadi ne ya bar ɓarawo. Rufe abinci da toshe kafar da take shigowa sun wadatar. Kamawa da hannu kuwa babu ita, domin tana cizo, kuma a jikin jaba aka fara gano ƙwayar cutar Mokola, dangin cutar haukan kare, a unguwar Mokola ta Ibadan a 1968.

Bushiya da beguwa

Yara kan ɗauka bushiya 'yar beguwa ce da ba ta girma ba. Ko kusa. Bushiya mai cin ƙwari ce kamar jaba, ƙayarta gajera ce, da farin gashi da ya ratsa goshinta, cikinta fari, ƙafar bayanta yatsu huɗu. In ta tsorata sai ta dunƙule. Da damina ake yawan ganinta, da rani takan shige wani lungu ta lafe har ƙwari su dawo. Beguwa kuwa mai gwaguya ce, nauyinta kan haura kilo 10, ƙayoyinta dogaye masu ratsin baƙi da fari, kuma ta yi wuyar gani a ƙasar da aka nome haka.

Ɓerayen ɗaki iri biyu

Wanda ke hana mutane barci da guje-guje a saman silin ko tsakanin azara baƙo ne. Asalinsa yankin Indiya, jiragen ruwa suka yaɗa shi duniya, jirgin ƙasa da manyan motoci suka ƙarasa da shi cikin ƙasa. Duk hanyar da buhun hatsi ke bi tsakanin kasuwar Dawanau da ƙauye, shi ma yana iya binta. Alamarsa wutsiya: ta fi jikinsa tsawo, baƙa, babu gashi, da zobe-zobe. In ka lanƙwasa ta bisa bayansa za ta wuce hancinsa. Kunnuwansa manya ne marasa gashi, kuma gwanin hawa ne. Ana ce masa baƙin ɓera, Rattus rattus, ko da yake da yawansu toka-toka ne.

Na biyun ɗan ƙasa ne, ya fi ƙanƙanta, ya fi kyan gani, ya kuma fi haɗari. Nauyinsa wajen giram 50, gashinsa mai laushi ruwan ƙasa, cikinsa toka mai haske, ƙafafunsa fari-fari, wutsiyarsa kusan daidai da tsawon jikinsa. A ƙasa yake rami, a gindin bango ko ƙarƙashin rumbu. Da damina yana gona, in an yi girbi ya biyo dami zuwa gida. Alamar da ba ta kuskure tana jikin macen: juya ta da kara ka ƙirga nonuwa. Macen baƙin ɓera galibi 10 gare ta. Wannan tana da 16 zuwa 24, a jere tun daga ƙirji har cinya. Cikinta kwana 23 ne kacal, kuma takan haifi 10 ko fiye a lokaci guda. Sunan zuriyar Mastomys, mu ce ɓera mai yawan nono.

Shi ne ma'ajin ƙwayar zazzaɓin Lassa. An fara gane cutar a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, sannan binciken da ya biyo bayan ɓarkewarta a Saliyo a 1972 ya nuna wannan ɓera ne ke ɗauke da ita. Shi ba ta kwantar da shi, sai dai ya yi ta zubar da ita a fitsari da kashi, a kan garin da aka bari a buɗe ko hatsin da aka shanya a ƙasa. Ta fi tashi da rani, kuma jihohin Ondo, Edo, Bauci da Taraba ne suka fi fama da ita, amma Kano ba ta tsira ba: a watan Janairun 2020 ta ɓulla har ta yi ajalin likitoci biyu. Ba kowane ɓera mai yawan nono ke ɗauke da ita ba, sai dai ido ba ya bambance mai ita da marar ita. Wannan ne dalilin tsinke da kara. Gawar ɓera a ɗauke ta da shebur ko leda, a binne ko a ƙone, a wanke hannu da sabulu, kada a bar yara su yi wasa da ita. Ma'ajin abinci kuma ya sami murfi, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Abin da aka samo a Fanisau

Mutanen Kano sun san Fanisau da gidan sarki da hawan da ake yi bayan Babbar Salla. Masu nazarin dabbobi kuwa da ɓeraye suka san ta. A ƙarshen 1919 wani mutumin Sikotlan, Kyaftin Angus Buchanan, ya sauka a can kafin ya kama hanyar Azbin, yana tara tsuntsaye da dabbobi don gidan tarihin attajirin nan Walter Rothschild da ke Tring a Ingila. Ƙananan dabbobin da ya tara a Fanisau, wadda ya rubuta Farniso, sun je hannun Oldfield Thomas da Martin Hinton a Landan. A 1920 suka bayyana cewa a ciki akwai irin da ba a taɓa rubutawa a littattafan kimiyya ba. Har yau duk mai son tabbatar da waɗannan iri, da samfurin Fanisau yake gwadawa. Uku daga cikinsu sun isa mu tsaya a kansu, domin gonakin da ke kewaye da mu ne gidansu.

Na farko an sa masa sunan Hausawa, Mus haussa. Yana cikin mafiya ƙanƙantar masu gwaguya a duniya: jikinsa wajen santimita 5, nauyinsa kimanin giram 3, bai kai dunƙulen Maggi ɗaya ba. Bayansa launin yashi, cikinsa fari fat, wutsiyarsa ba ta kai jikinsa ba. Wanda ya tono shi a gona yakan ce jaririn ɓera ne. Ga yadda za ka raba su: jaririn babban ɓera mai wannan girman tsirara yake, ido a rufe, kai ya rinjayi jiki, ba ya iya gudu. Wannan kuwa gashinsa ya cika, idonsa tar, kafin ka ƙifta ya ɓace.

Na biyu, Gerbillus nigeriae, shi ne ɓeran yashi. Haska tocila a gonar jigawa da dare, in ka ga wani abu mai manyan idanu yana tsalle maimakon gudu, shi ne ko danginsa. Ƙafafun bayansa dogaye ne, tafinsu da gashi don kada ya nutse a rairayi, bayansa ja-ja kamar yashi, cikinsa fari, wutsiyar doguwa mai gashi da ɗan tuntu a ƙarshe. Wutsiya mai gashi da doguwar ƙafar baya su ke raba shi da ɓerayen ɗaki. Kyakkyawa ne, amma manomin da ya yi binne ya dawo ya tarar an bi layi an tone irin gero rami bayan rami yana da dalilin tsine masa. A Nijar ana lissafa shi cikin manyan maɓarnatan gero.

Na uku, Steatomys cuppedius, ɗan dunƙule ne mai gajeriyar wutsiya, kusan rabin jikinsa. Shi ba ya dogara da ajiyar rami kaɗai: da kaka yakan ci ya tara kitse a jikinsa, in rani ya tsananta ya lafe a ƙarƙashin ƙasa, jikinsa ya yi sanyi, ya rage numfashi, kitsen na ɗauke da shi.

Da wuya ka sami littafin makaranta a Kano da ya ambaci ko ɗaya cikin ukun, alhali ɗalibanmu na haddace sunayen dabbobin Ostireliya.

Masu fita da rana

Yawancin ɓeraye 'yan dare ne, don haka wanda ka gani da hantsi ko la'asar ya rage maka aiki. In mai kauri ne, gashinsa garje-garje mai ɗigon baƙi da rawaya, wutsiyarsa ba ta kai jiki ba, samanta baƙi ƙasanta haske, to ɓeran ciyawa ne, Arvicanthis. Yana son shinge mai duhuwa da bakin magudanar ruwa, irin wuraren noman rani na Watari da Tomas, inda shinkafa da alkama da tumatir ba sa yankewa. Yakan fitar da 'yan hanyoyi a cikin ciyawa ya yi ta bin su. Da ruwa ya dawo bayan farin farkon shekarun 1970, shi da ɓera mai yawan nono sun yi ambaliya a Sanagal da wasu sassan Sahel a 1975 da 1976. In kuwa ƙarami ne mai zane-zane a tsaye daga wuya zuwa gindi, ɓera mai ratsi ne, kuma ɓarnarsa kaɗan ce.

Manyan gidan

Waɗannan kowa ya san su, alama ɗaya-ɗaya ta isa. Gafiya, wadda ake kuma kira burgu, takan kai kilo ɗaya ko fiye, rabin wutsiyarta na ƙarshe fari ne kamar an tsoma a alli, tana kuma da jaka a kumatu da take cikawa da gyaɗa ta kai rami. Ko ɗanta ƙarami ka kama, farin wutsiyar nan zai raba shi da baƙin ɓera. Hancinta ya kai inda ƙungiyar APOPO a Morogoro ta Tanzaniya ke horar da danginta suna gano nakiyar da aka binne da cutar tarin fuka a cikin kaki. Kurege ɗan rana ne, da farin layi ɗaya a kowane gefe da wutsiya buzu-buzu. Gyazbi na fadama ne, mai kauri, gashi kamar tsintsiya, wutsiya gajera, yana yanke kara a karkace.

Wa ya turo ƙasar nan?

A littattafan Turawa yara kan ga wata dabba mai faffaɗan hannu, kusan makauniya, da ke rayuwa a ƙarƙashin ƙasa tana turo tsibi-tsibi, wadda suke kira mol. Babu ita a Kano, babu ita a Afirka baki ɗaya. Ta Turai ce da Asiya da Amurka ta Arewa. Mai irin wannan rayuwa a Nijeriya wani mai gwaguya ne da ke tona da haƙora, wanda aka samo a Panyam ta tsaunukan Jos aka bayyana a 1911. Sabuwar ƙasar da ka gani a gonarka a Kunci ko Makoɗa aikin ɓeran yashi ne, ko gafiya, ko kurege, ko ma gyare da gara.

Jemagu: dubi fuska, dubi wutsiya

Jemagu sun haura iri 1,400 a duniya, wato kusan ɗaya cikin biyar na dukkan dabbobi masu shayarwa, kuma kusan 100 daga ciki ana samunsu a Nijeriya. Manomi ba ya bukatar sanin ɗari. Ya fara raba su gida biyu.

Gida na farko masu cin 'ya'yan itace. Manya ne, fuskarsu kamar ta ɗan kwikwiyo, da dogon baki, manyan idanu da kunnuwa madaidaita. Wutsiya kusan babu. A kowane fiffike suna da farce biyu, na babban yatsa da na mai bi masa. Da ido da hanci suke neman abinci, don haka zancen makantar jemage bai ko taso ba. Mafi girma a cikinsu shi ne mai rawayan wuya, Eidolon helvum, wanda faɗin fikafikansa kan kai santimita 75. Dubbai suke taruwa a kan dogayen itatuwa suna hayaniya da rana tsaka, kuma matafiya ne: da damina sukan biyo ruwa su yo arewa. A dajin Kasanka na Zambiya miliyoyinsu ke haɗuwa daga Oktoba zuwa Disamba. Wanda ya fi zama da mu shi ne matsakaicin nan ruwan ƙasa mai ɗan farin gashi a gindin kowane kunne. Namijin na da farin tuntu a kafaɗa da yake buɗewa lokacin neman mace, kuma shi ne mai kukan nan guda ɗaya da ake ta maimaitawa daga cikin mangwaro ko darbejiya har dare ya raba, wanda mutane da yawa ke ɗauka na tsuntsu ne.

A kansu ne aka ce jemage ta baki yake kashi. Abin da ke faruwa shi ne yakan tauna ɗan itace, ya matse shi da harshe, ya haɗiye ruwan, ya tofar da tuƙar. Ita ce ake gani a gindin bishiya da safe. In zai yi kashi na gaskiya, juyowa yake ya rataye da faratan fiffike, kai sama. Mai mangwaro na da ƙorafi a kansu, amma mai ɗorawa da mai kuka bashi ake bin su. Jajayen furannin ɗorawa da fararen furannin kuka da daddare suke buɗewa, jemagun nan ne ke shan ruwansu suna kai garin fure daga bishiya zuwa bishiya, ƙudan zuma na tayawa. Kalwar da ake daddawa da ita ta bi ta hannunsu.

Gida na biyu masu cin ƙwari. Ƙanana ne, idanu ƙanana, kunnuwa manya ko masu lanƙwashe-lanƙwashe, farce ɗaya a fiffike. Suna fitar da ƙara mai kaifin da kunnen mutum ba ya ji, su saurari amsa-kuwwarta, da haka suke gane bango da reshe da ƙwaron da ke tashi a duhu. Su wutsiya ce ke raba su. In ta zarce fatar da ke tsakanin ƙafafu ta fito tsirara kamar ta ɓera, leɓen sama kuma da tamoji, to shi ne mai cika rufin kwanon makarantu da masallatai, mai warin nan, wanda ke ɓulɓulowa daga bakin rufi da magariba ya yi sama da gudu. Fikafikansa dogaye ne sirara, shi ya sa in ya faɗo ƙasa tashi ke yi masa wuya. In wutsiyar na cikin fatar har ƙarshe, fuska a dunƙule, ciki fari ko rawaya, jemagen gida ne, mai kwana a rufi ko ƙarƙashin busasshen ganyen giginya. In kuwa kunnuwa ne zaƙo-zaƙo, da tsaga a tsakiyar fuska, ƙarshen wutsiya ya rabu biyu, to mai tsagar fuska ne. Yana kwana a tsohuwar rijiya, kwalbati, kogon kuka ko ɗakin da aka daina shiga, yana tashi ƙasa-ƙasa a hankali, yana tsintar ƙwari daga ganye da ƙasa, har kunama.

Babu mai shan jini a cikinsu. Masu wannan hali iri uku ne kawai, dukkansu a Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. Duk da haka dokar jaba ta hau kan jemage: ba a kama shi da hannu, musamman wanda aka tarar a ƙasa da rana. A jikin mai rawayan wuya aka gano wata ƙwayar dangin haukan kare a Legas a 1956. Wanda jemage ya ciza ko ya yakusa ya wanke wurin da ruwa da sabulu sosai, ya tafi asibiti a ranar.

Inda ido ke tsayawa

Akwai iyakar abin da siffa ke nunawa. Ɓera mai yawan nono iri fiye da ɗaya ne a Nijeriya, kuma ko masana sai sun kai ɗakin gwaji suke raba su. Haka ƙananan jaba da ƙananan jemagu. Sannan mafi yawan waɗannan dabbobi ba za ka gan su ba sam. Da safe aikinsu kawai za ka tarar. Babi na gaba zai bi wannan aikin: sawu a kan rairayi, faɗin bakin rami, yadda aka fasa ɓawon gyaɗa, bambancin kashin ɓera mai tauri da na jemage mai rugujewa ya zama gari, da ƙullin gashi da ƙashi da mujiya ke amayarwa a gindin inda take kwana, wanda in aka buɗe shi ake samun ƙoƙon kan duk abin da ke yawo a gonar da dare.